Amaryar da Gabas Ta Ɓace Mata

Na fara lura da ita ne wata safiya a ƙarshen damina, ina zaune a kan matakalar benen gidanmu da ba a ƙarasa ba, da littafin haya a cinyata. Tana tsaye a bakin rijiya, guga a hannunta, ba ta zura shi ba. Ta ɗaga fuska tana kallon saman katangar yamma, irin kallon mai jiran a buɗe masa ƙofa. A bayanta rana ta riga ta ɓullo ta saman darbejiyar maƙwabta, hasken ya sauka a kan ɗankwalinta, inuwarta ta miƙe a gabanta har gindin katangar. Sai da zafin ya taɓa mata ƙeya sannan ta waiga. Ta dubi ranar kamar ta kama ta da wani laifi, ta sunkuyar da kai, ta zura guga.

A lokacin na gama sakandare ina zaman jiran sakamako, ba ni da aiki sai wanke-wanke da karanta littattafan soyayya da nake karɓowa haya a wani shago a kasuwar Tarauni. Na karanta su da yawa har na ɗauka babu irin kallon da ban san fassararsa ba. Mace ta tsaya da sassafe ta ƙura wa waje guda ido, ai ba sai an yi mini bayani ba. Akwai wani a can. Kafin na sauko daga matakalar na riga na ba shi tsayi da saje da farar shadda, na ajiye shi a wani gari can yamma da mu, yana rama shi ma.

Gidanmu gidan haya ne, a wani gajeren layi da har yau ba a daidaita kan sunan unguwarsa ba. Titin Zariya yana yamma da mu, titin Maiduguri yana arewa, mu kuma muna cikin kusurwar da suka bari a tsakaninsu, a bayan jerin shaguna. 'Yan matan layin idan za su yi wa saurayi kwatance, Gyaɗi-Gyaɗi suke cewa, don ta fi daɗi a baki. Iyayensu kuwa suna cewa Tarauni, saboda can suke cefane. Daga tsakar gida ana jin jiniyar motar asibiti idan ta nufi babban asibitin da ke kan titin Zariya, ana jin kiran salla daga masallatai da yawa, wani na bin wani, da ƙarar injin markaɗe da ke bakin layi. Ba mu da lambar gida. Abin da muke da shi kwatance ne: ka sauka kafin shataletale, ka shiga ta wajen mai faci, ka yi gabas har transfoma, sai ka yi kudu kaɗan ka tambayi gidan Mama Tela.

Haka muke magana, da gabas da yamma, har a cikin gida. Umma ba ta taɓa cewa abu yana hannun dama ba. Ludayi yana gabas da tukunya, takalmina yana arewa da randa, ƙuda ya sauka mini a kafaɗar kudu. Wanda ya tashi a haka bai san yana ɗauke da wani abu ba sai ranar da ya ga wanda nasa ya faɗi.

Mama Tela Kirista ce, daga kudancin ƙasar nan, ta zo Kano tun kafin a haife ni. Mijinta yana aiki a asibitin. Ɗakinta shi ne na farko a gidan, mai ƙofa biyu, ɗaya tana kallon layi inda take ajiye keken ɗinkinta, ɗaya tana buɗewa tsakar gida. Wannan ta biyun ta daɗe da toshe ta da durowar atamfofi, don haka ko ruwa za ta ɗiba sai ta fito layi ta zagayo ta soro. Ita ta ɗinka mini kayan makarantata na farko, ita kuma ta sa mini suna Mai Littafi.

Ita kuwa mai kallon katanga, Amarya kowa yake ce mata. Daga wani ƙauye aka kawo ta can gaba da Kura, aka sauke ta a ɗakin ƙurya. Mijinta ɗan garinsu ne, yana tuƙa adaidaita sahu, siriri mai yawan fara'a, wanda ba ya wuce ƙofar Umma bai durƙusa ba. Sa'ata ce, ko ta ɗan girme ni.

Ba a daɗe ba kowa ya gane akwai abin da yake damunta. Ba ta fita. Ranar da ta kai markaɗe bakin layi, sai Mama Tela ce ta rako ta, ta tsinto ta can wajen kasuwa tana riƙe da bokiti tana duban gidaje. Idan Umma ta ce, “Amarya, miƙo min tsintsiyar nan da ke gabas da turmi,” sai ta nufi yamma, ta yi turus, ta dawo. Tana ramewa. Mijin yana shigowa da tsire da lemo da yogot, washegari a ga ta raba wa yara. Matan gidan wasu suka ce ciki ne, wasu suka ce iska. Ni dai ina da tawa fassarar, ina riƙe da ita kamar sirri. Sai wata rana Umma ta ce wa Baba, a gabana, yarinyar nan ta ce wa mijinta ya mayar da ita gida ta ga innarta, kuma ta ɗaure kayanta har da kwanukan jere.

“Mai zuwa ganin gida ba ya ɗaure kwano,” in ji Umma. “In ta tafi ba dawowa za ta yi ba.”

Da la'asar na ɗauki tiren alayyafo na je ƙofar ɗakinta, na ce ta taya ni gyara. Muka zauna muna tsinkewa. Na daɗe ina shirya maganar a raina, irin yadda aminiya take faɗinta a littafi, cikin tausasa murya.

“Amarya, ni ba zan faɗa wa kowa ba. Wane ne shi?”

“Wa?”

“Wanda kike tunani. Wanda kike kallon garinsu kullum da safe.”

Ta tsaya da ganye a hannu tana dubana. Sai ta fashe da dariya, ta kifa kai a gwiwa, har da tari. Ranar na fara ganin haƙoranta, akwai wushirya.

“Ke 'yar birni, wallahi ba ki da aiki. Ni tun ina talla nake son mutumin nan. Sai da na ƙi cin abinci kafin a ba ni shi.”

“To me kike kallo a katanga?”

Dariyar ta janye a hankali. Ta ci gaba da tsinkar ganyen, ba ta ɗago ba.

“Rana nake jira. Gari ne ya juye mini.”

Ban taɓa jin maganar ba, sai ta yi mini bayani. Ranar da aka kawo ta, tun daga Na'ibawa gwaggonninta suka ce an shigo birni, ta rufe fuska. Aka ja mata mayafi har haɓa. Abokan mijinta, 'yan adaidaita, suka tari motar suka sa ta a tsakiya, da suka iso shataletale maimakon su shigo layi sai suka yi ta zagaya shi suna oda, zagaye bayan zagaye, don murna. Tana cikin mayafi tana jin motar tana karkata. Aka shigo da ita ɗaki a lulluɓe, kuma kwanakin nan hadari ne ya rufe sama, ba a ga rana ba. Kafin gari ya washe ranta ya riga ya zaɓi gabas ɗinsa, ya ajiye ta a wajen katangar nan. Da rana ta fito, sai ta fito mata ta baya.

“Inna ta shimfiɗa min darduma ta ce nan ne gabas,” ta ce. Umma take nufi. “Na san gaskiya ta faɗa. Ga rana nan ina gani da idona. Amma da na ta da kabbara, jikina duk ce min yake na juya wa alƙibla baya. Ina ruku'u ina jin kunya. In kuma na ce zan bi inda raina yake so, na san yamma ce. To wace sallar nake yi? Tun da na zo garin nan ban yi sallar da na ji ta shiga ba.”

“Kin faɗa masa?”

“In ce masa me? Ya kawo ni birni na kasa gane gabas, kamar akuya?”

Na kai wa Umma maganar, da izininta. Umma ta ce ai wannan ba abin ɓoyo ba ne, ta aika aka tambayi limamin masallacin layinmu. Ya ce ta fuskanci inda masallaci yake fuskanta, sallarta ta yi, kada ta sa wa kanta damuwa. Amarya ta saurara da ladabi, ta ce ta gode.

“Kaina ya yarda, Inna. Ƙirjina ne bai ji ba.”

Mama Tela tana bakin rijiya tana jin mu. Ta ajiye bokiti ta matso, tana goge hannu da gefen zaninta.

“Wannan ne yake sa ki rama? Ai ni ma haka nake.”

Muka juya gaba ɗaya.

“Doguwar mota ta kawo ni ina barci, na farka a Sabon Gari. Tun ranar, a cikina, rana daga wajen asibiti take fitowa. In Hajiya ta ce min gabas, sai na juya maganar a kaina kafin na tafi. Ba ku lura ina jinkiri ba?”

“Mun ɗauka yanga ce,” in ji Umma.

“To Mama, me kika yi?” Amarya ta tambaya, ta matso har tana taka min ƙafa.

“Na haifi 'ya'ya, na yi ɗinki. Ni ba na neman gabas, 'yata. A coci duk inda aka jera benci nan muke kallo. Ke ce taki da wuya.”

Sai a nan Amarya ta ce, cikin ƙasa da murya, kakarta tana da magani. Ba na sha ba ne. Mutum ya koma har inda kansa yake daidai, sannan ya sake shigowa garin da rana, ido a buɗe, kada ya saki gabas ɗin har ya isa. Amma wa zai kai ta?

“Wa zai kai ki?” Umma ta ce. “Mijin naki jirgi yake tuƙawa?”

Da ya dawo da yamma Umma ta tsayar da shi a tsakar gida. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya kifa wani bokiti ya zauna. Ina daga ƙofa ina kallo. Ta faɗa masa komai ba ta rage ba. Sannan ya cire hula ya rufe fuska da ita, kafaɗunsa suna rawa, ban iya gane dariya ce ko kuka ba.

“Zagayen nan da muka yi ne, Umma? Wallahi ni na ce su ƙara ɗaya. Na ce amaryata ba za ta shiga Kano kamar buhun masara ba.” Ya sauke hular. “Ni na ɗauka ni ne ba ta so. Na ɗauka ɗakin ne ya yi mata kaɗan.”

Daga cikin ɗakin ƙurya, bayan labule, muka ji ta ce, “Ɗakin ma ya yi kaɗan.” Matan gidan suka kwashe da dariya.

Washegari rana na ɗagowa muka fita, ni da ita a baya, shi a gaba. Umma ta ce in bi su don kada kunya ta hana ta magana. Ya bar yaran da yake kaiwa makaranta a hannun wani abokinsa. Muka hau titin Zariya muka yi kudu. Doguwar katangar asibiti ta wuce, da masu sayar da ayaba da kankana a gindinta don masu zuwa dubiya. Muka wuce tashar Unguwa Uku, 'yan kamasho suna kiran garuruwa suna bubbuga jikin motoci. Muka wuce Na'ibawa, warin ruɓaɓɓen lemo da ƙamshin sabon katako suka cika mana hanci. Hannun Amarya yana cikin nawa, da sanyi. A wurinta arewa muke yi, kuma rana tana gefen da bai kamata ba.

Gidaje suka fara yin nesa da juna. Ga gonakin dawa sun yi kai, ga wani tsoho a kan keke da fartanya ɗaure a baya. Ina ta zuba ido in ga wani abu na musamman, don a littattafaina irin wannan lokacin yana zuwa da iska mai kaɗa furanni. Babu komai sai tireloli da hayaƙinsu.

“Tsaya,” ta ce.

Ya gangara gefen titi. Ta sauka, ta taka zuwa bakin wata gona, ta tsaya tana kallon wani rumbu da bishiyar ɗorawa a bayansa. Ta juya a hankali har ta fuskanci rana, ta lumshe ido. Na ga kafaɗunta sun sauka.

“Ya dawo,” ta ce. “Yanzu-yanzu. Kamar an juya faifai.”

“Ina garinku?” na tambaya.

Ta nuna da haɓa, ba ta ko yi tunani ba. Mijin ya ce, “Daidai.”

Dawowar ita ce aikin. Ta zauna a gefen dama, ta fitar da hannunta waje, tafin yana kallon rana, kamar mai tarar ruwan indararo. Ta ce kada a yi mata hira. Shi kuma ya kama gefen titi yana tafiya kamar mai turawa da hannu. Motoci suna ta danna mana oda. Wani direban bas ya zuro kai ta taga.

“Malam, ƙwai ka ɗauko ne?”

“Ya fi ƙwai,” ya ce, bai ko kalle shi ba.

Duk inda titin ya ɗan karkata sai ya rage tafiya ya ce, “Za mu ɗan yi yamma, kina riƙe?” Ta ce, “Ina riƙe.” Ni kuwa ƙeyarsa nake kallo, gumi yana bin ta yana shiga wuyan rigarsa. Na tuna mai farar shaddar da na ajiye a yamma, na neme shi a raina, na ga ko fuska ban yi masa ba.

Kafin shataletale ya tsaya, ya bar adaidaitar a wajen mai faci, muka shiga da ƙafa. Tana gaba, hannun nan a ɗan ɗage. Tana tafe tana faɗa wa kanta: asibiti yana baya ta yamma, wannan hanyar gabas ta nufa, ga masallaci ya ba mu baya, daidai. A wajen transfoma ta tsaya ta dubi hanyar da ta miƙe.

“Ashe kasuwa gabas take. Shi ya sa na ɓata.”

Muka karya kudu. Ta dubi layinmu kamar ranar aka gina shi, da kwatar da ta ratsa tsakiyarsa, da kurar mai ruwa jingine da bango, da Mama Tela a bakin ƙofarta tana taka keke. Ta shiga soro, muna biye. Ta sa ƙafa a tsakar gida, ta ga rijiya da katangar nan. Hannunta ya sauka.

“Ya koma.”

Ta ja da baya ta fita layi, ta tsaya, ta ce a nan daidai yake. Ta sake shigowa, ya sake juyewa. Ta yi haka har Umma ta ce ta bari kada jiri ya ɗebe ta. Tsakar gidan da ɗakin ƙurya sun riga sun zauna mata a juye, sun ƙi tashi. Mijin ya jingina da bangon soro yana kallon ƙasa. Na tuna kwanukan da ke ɗaure.

Sai ƙarar keken ɗinki ta tsaya.

“Amarya, zo nan,” Mama Tela ta kira daga layi. “Kin taɓa shiga ɗakina?”

“A'a, Mama.”

“To ɗakina bai san ki ba, ke ma ba ki san shi ba. Tsaya a layi ki kama gabas ɗinki da kyau. Kin kama? Shigo da shi ta nan.”

Ta cire takalmi ta shiga ta ƙofar layi, a hankali, ta ratsa tsakanin keke da tarin yadi. Ta tsaya a tsakiyar ɗakin. Muka cika ƙofar muna leƙe.

“Ina gabas?” in ji Mama Tela.

Ta ɗaga hannu ta nuna bango. Umma ta ce, “Alhamdu lillahi.” Bangon da ta nuna shi ne wanda Mama Tela ta rataye kalandar cocinsu, mai hoto. Mama Tela ta dubi bangon, ta dubi Amarya, ta miƙa hannu ta sauke kalandar, ta kai ta bangon yamma ta maƙala a ƙusar da take rataye tef ɗin awo.

“A cikina dama can ne gabas,” ta ce. “Kowa ya samu nasa. Mai Littafi, tsayuwar me kike yi? Kawo mata buta.”

Lokacin walaha ne. Ta yi alwala a bakin kwata, na kawo dardumar Umma, Mama Tela ta share zare da ƙyallaye ta fito ta zauna a benci tare da mu. Ba mu kalle ta ba, amma mun san ta daɗe a sujada, don har wata mai karɓar ɗinki ta zo ta gaji da jira ta tafi. Da ta fito idonta ya yi ja. Ta tsuguna a gaban Mama Tela. Sannan ta juya wajen Umma.

“Inna, akwai sauran kokon safe?”

Daga ranar a ɗakin Mama Tela take salla. Lokaci na yi za a ga ta fito da darduma a kafaɗa, ta bi ta soro, ta ɗan tsaya a layi har garin ya daidaita, ta shiga. Mama Tela ta ɗauke ƙafa daga keke. Ba kowa abin ya yi wa daɗi ba. Wata a layin ta ce ina aka taɓa salla a ɗakin da ba na Musulmi ba. Umma ta sake aikawa wajen liman, ya ce in wurin da tsarki, kuma babu hoto a gabanta, ba laifi. Ta asuba ce matsala, don ba a buga wa mutane ƙofa a wannan lokacin, sai ta riƙa yin ta a ɗakinta tana daurewa.

Ba a yi nisa ba Mama Tela ta fara ƙorafin gwiwa. Ta ce zagayowa ta soro da bokiti ya ishe ta, ta ce ƙarar layi tana hana mijinta barci in ya kwana a wajen aiki, ta ce ɗakin ƙurya ya fi kusa da rijiya. Ta yi ta faɗa har mai gidan ya ce su yi musaya in sun ga dama. Ta mayar da kekenta soro. Kowa ya san soron ba shi da haske, da la'asar sai ta kira ni in zura mata zare a allura. Ba ta taɓa cewa komai a kai ba, in ban da ranar da ta ce wa Amarya, “Durowar nan na bar miki. Kada ki kuskura ki buɗe ƙofar bayanta, kar juyayyen garin ya shigo miki.”

Ba ta buɗe ba. Ta kwance kwanukanta ta jera. Ta yi ƙiba, ta koyi hanyar kasuwa, har ta fi ni sanin lungunan da ke ɓullewa Daurawa. Tsakar gidan dai bai taɓa daidaita mata ba. Takan ce a juyayyen gari take girki, a daidaitacce take salla da barci. In Umma ta aike ta gabas da turmi, sai ta ɗan yi jim, ita da Mama Tela su haɗa ido.

Yanzu babu shataletalen, gada ce a wurin, wata ta bi ta sama wata ta ƙasa, ni kaina in na bi ta ƙarƙashin sai na nemi rana kafin na san inda na ɓullo. An sayar da gidan, mun watse. Mama Tela ta koma garinsu bayan mijinta ya yi ritaya. Ta kira Umma a waya ta ce abin dariya, can ma yanzu rana ta baya take fito mata.

Amarya tana Darmanawa, a gidan da suka gina, da 'ya'yanta. Har yanzu Amarya ake ce mata. Na haɗu da ita bara a wani biki, ta zama babbar mace mai faɗa a ji, kuma na ji duk yarinyar da za a kawo birni daga garinsu ita ake sawa ta zauna kusa da ita a mota. Sharaɗinta biyu ne. A taso da sauran rana, kuma babu direban da zai yi zagaye. In an iso Na'ibawa gwaggonni suka ce a rufe fuska, tana bari a rufe, sannan ta sa yatsa ta ɗage gefen mayafin ta wajen taga.

“Suna ta yi min faɗa, wai na ɓata al'ada,” ta ce mini, tana ɓare goro. “Ni kuwa ce wa yarinya nake, yi kukanki, ba wanda ya hana ki. Amma ga rana can, da ido ɗaya ki riƙe min ita har mu shiga ɗaki.”